An Yarda da Ɗakin Mai Gadi, An Hana Ɗakin Ƙanena

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tsara Filayen Tudun Marke,
Talata Mafara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gajiya, ina fama da jama'a? Yaya iyali, yaya abokan aiki, yaya kuma aka ji da zafin bana? Allah shi taya ka riƙo, shi sa a gama lafiya.

Sunana Lawali Garba, ina gyaran injin ban ruwa a wata 'yar rumfa a bakin kasuwa. Ba ka san ni ba, ko da yake na zauna a bencin ƙofar ofishinku har sau bakwai, har mai shara ya soma gaishe ni da suna. Na kai takardar koke sau biyu ban ji ko tari ba, shi ya sa na rubuto wagga a fili inda kowa zai karanta. Ba tsiya na zo nema ba, ni ba mai ja da hukuma ba ne. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma nawa ya daɗe yana yoyo. Babban abin da nake nema a wurinka shi ne: a bar mu mu gina gida guda a kan fegin ubanmu, mu zauna tare da uwarmu tun tana da rai.

Na ɗaya, gidan da muka baro.

Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da Damaga a ƙasar Maradun. Mu huɗu ne a wurin iyayenmu: ni ne babba, sai Bello, sai Luba, sai autanmu Murtala. Gidanmu zaure ɗaya ne, tukunya ɗaya. In namiji ya isa aure, sai a jira kaka ta wuce, a kwaɓa ƙasa, 'yan uwa da maƙwabta su taru, kafin mako biyu ɗaki ya tashi a wata kusurwa an kewaye masa sashensa. Haka aka yi mini, haka aka yi wa Bello. Da mijin Luba ya rasu ta dawo da ɗiyanta, ba wanda ya tsaya tunanin inda za a sa ta. Rumbu ɗaya muka matsar, aka gina mata.

Ɗakin Inna yana tsakiya. In ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofarta, tana ganin ƙofar kowa. Da safe duk wanda zai fita gona sai ya durƙusa a nan ya gaishe ta, ita kuma tana duban fuskarka ta san ko ka kwana lafiya ko kun yi faɗa da matarka. Matanmu suna lugude a turmi ɗaya, yara suna cin tuwo a akushi ɗaya har baƙo ba ya iya gane ɗan wane ne wane. Wallahi har yanzu in na ji ƙarar lugude a wani gida ina wucewa, sai na rage tafiya. Ina kewar gidan nan, Ranka shi daɗe, kewar da ban san namiji mai furfura yana iya yin irinta ba.

Abin da ya tashe mu ba sai na faɗa maka ba, duk wanda ke ƙasar nan ya sani. Shekara biyar ke nan muka kwaso abin da ya kwasu muka shigo gari. Baba bai cika shekara ba ya rasu a ɗakin haya, Allah shi jiƙan shi.

Na biyu, yadda muke zaune yanzu.

Ba mu sami gida ɗaya da zai ɗauke mu ba, sai muka watse. Ni ina Mafara a ɗaki biyu da mata da ɗiya bakwai. Bello yana Bakura yana noman rani a gonar wani. Murtala yana Jangebe yana kabu-kabu. Luba tana Ruwan Gizo, a wani ɗaki da dangin marigayi mijinta suka ara mata.

Inna kuwa ba ta da wuri. Wata biyu a wurina, wata biyu Bakura, wata biyu Jangebe, wata biyu Ruwan Gizo, sannan a sake. Murtala ne ke ɗaukarta a babur, ƙullin kayanta a kan tanki, butarta a ɗaure a baya. Tsohuwa ce da ta haura saba'in, gwiwoyinta sun gaji, sai mutum biyu sun kama ta take hawa. Duk gidan da ta sauka sai an kori yara zuwa ɗakin maƙwabta ko a shimfiɗa musu a baranda, ita kuma tana gani. Matar da a da kowa ke zuwa ƙofarta, yanzu ita ce ke neman gafara don ta takura wa jikokinta. Ƙaramar 'yar Bello da aka haifa a Bakura ta ganni da Salla ta ɓuya a bayan uwarta, ba ta san ni ba. An ce zumunta a ƙafa take, to ƙafar ma ta gaji.

Na uku, gonar Baba da abin da ta zama.

Tun zamanin da Baba yake kawo shanu kasuwar Talata ya sayi wata gona a Tudun Marke, lokacin wurin daji ne, sai kurege da makiyaya. Gari ya yi ta tafiya har ya cim mata. Shekara uku da suka wuce kwamitinku ya zo da masu awo, aka yanka wurin duka, aka fitar da tituna, aka kafa duwatsun iyaka. Daga gonarmu aka ba mu fegi biyu maƙwabtan juna, kowane ƙafa ɗari tsawo, ƙafa ɗari faɗi. Ba mu yi gardama ba, murna ma muka yi. Ranar da aka nuna mana, Inna ta sa aka kai ta, ta zaga wurin da sandarta tana nuna inda kowa zai zauna. Fegi biyun nan sun fi tsohon gidanmu na ƙauye girma.

Ba na cikin masu cewa tsari banza ne. Na san lungunan cikin gari inda mota ba ta shiga, inda in mace na naƙuda sai an ɗauko ta a hannu zuwa bakin titi. Na san inda ruwan damina ke shiga ɗaki don wani ya gina a kan magudana. Titi mai faɗi alheri ne, kwata alheri ce, Allah shi saka wa wanda ya yi tunaninsu. Amma sharuɗɗan da kuka rubuta a bayan takardar sun wuce titi da kwata. Kun ce kowane fegi gida ɗaya ne na iyali ɗaya. Kun ce ba a haɗa fegi biyu, ba a kuma raba ɗaya. Kun ce sai an ja gini baya daga titi, wato ba zaure. Kun ce ba ginin ƙasa, sai bulo. Ba turke, ko na akuya ɗaya. Ni dai ban san gidan wa aka duba aka rubuta wanga tsari ba, amma ba gidan Bazamfare ba ne.

Na huɗu, ranar da na yi kuskure.

Wanga shi ne abin da ke cina, kuma zan faɗe shi yadda ya faru ko da za a yi mini dariya.

Kafin a ba da izinin gini sai an kai zanen gida. Na je wurin wani mai zane da aka yi mini kwatance, na zayyana masa abin da muke so: zaure ɗaya, sashe huɗu, ɗakin Inna a tsakiya, madafa ɗaya babba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce wanga ba zai wuce ba, amma akwai hanya. Ya ce dokar ta yarda mai gida ya gina ɗakin mai gadi a bakin ƙofa, da ɗakunan 'yan aiki a baya, da ɗakin baƙi. Don haka ni in ɗauki fegi ɗaya, Bello ya ɗauki ɗaya. A rubuta sashen Murtala ɗakin mai gadi. A rubuta na Luba ɗakin 'yan aiki. A rubuta na Inna ɗakin baƙi. A ja katanga tsakanin fegi biyun, in ƙura ta lafa a fasa ƙofa. Ya ce haka kowa ke yi, takarda ce kawai.

Da na faɗa wa 'yan uwana, Murtala ya yi ta dariya, ya ce a rubuta shi mai gadi mana, shi da ma barci bai dame shi ba, in dai za a riƙa ba shi albashi. Bello ya ce a yi. Ni ne na ƙi. Na kwana biyu ina juya abin a raina, na kasa. Yaya zan sa hannu a takardar hukuma in ce ɗan da uwata ta haifa bayana mai gadina ne? Yaya zan ce Luba, wadda ta goyi ɗiyana, 'yar aikina ce? Ita kuma Inna, a fegin mijinta, baƙuwa? Na koma na ce wa mai zane ya zana yadda na faɗa, kuma ya rubuta sunan kowa a kan sashensa. Ya girgiza kai ya zana.

Bayan ƙaramar Sallar bara na kai ofishinku. Ma'aikacin da ya karɓa mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, muka gaisa. Ya tambaye ni mutum nawa za su zauna a gidan. To, Ranka shi daɗe, ka san mu. In aka tambayi magidanci yawan mutanen gidansa, ba ya ragewa, arzikinsa ne ake tambaya. Na gyara zama, na ce magidanta huɗu, rai ashirin da shida, kuma matar Murtala na da juna biyu. Har murmushi nake yi. Na ɗauka in hukuma ta ji yawanmu za ta hanzarta. Ya rubuta duk abin da na faɗa, ya dube ni da tausayi, ni kuwa na zaci sha'awa muka ba shi.

Bayan wata biyu aka dawo mini da zanen da jan biro a kansa. An ce wanga ba gidan iyali ɗaya ba ne, gidan haya ne, kuma Tudun Marke ba unguwar gidajen haya ba ce. Gidan haya! Wa zai biya wa haya, ni in biya Inna ko Inna ta biya ni?

Da na ga haka na haɗiye girman kaina, na koma wurin mai zane na ce a bi tasa hanyar. Ya ce bakin alƙalami ya bushe. Sunayenmu da yawanmu suna cikin fayil da sa hannuna, duk wanda ya ga an rubuta ɗakin mai gadi yanzu ya san Murtala ne. Da bakina na rufe mana ƙofar da kowa ke bi. Bello ya yi wata uku ba ya ɗaga wayata. Da muka haɗu a wani suna ya ce mini a gaban mutane, wai ga Malam mai gaskiya, ina gidan da gaskiyar ta gina? Wanda ke fegi na uku da namu ya bi shawarar mai zanen, yau yana ciki da ƙannensa biyu suna shan iska.

Ina so ka duba wanga da kyau. Dokarku ta yarda in ɗauko baƙon da ban san asalinsa ba in gina masa ɗaki a ƙofar gidana, shi da matarsa. Ba ta yarda in gina wa ƙanena irin ɗakin nan ba, da bulo iri ɗaya, a wuri ɗaya. Ku kuna ƙirga ƙofofi ku ce iyali huɗu. Mu a wurinmu waɗanda suke ci daga tukunya ɗaya, suke gaida tsohuwa ɗaya da safe, iyali ɗaya ne ko ƙofofinsu goma.

Na biyar, abin da idona ke gani.

Ba ni da ilimin tsara gari, amma ina da ido, kuma aikina na sa ni yawo. Don Allah wata rana da la'asar ka zaga Tudun Marke da ƙafa. Gidajen da ake hura wuta a cikinsu ba su kai yatsun hannuwana ba. Sauran katanga ce da ƙofar ƙarfe da kwaɗo, in ka leƙa masara ce a ciki ko ciyawa. Fegin ya yi wa talaka girma, kuma an hana a raba shi, don haka sai mai hali ke saye. Mai hali kuwa yana da gida tun tuni, wanga ajiya ce ya yi, yana jiran wuri ya yi tsada.

Sannan ka shiga cikin gari. Mutanen ƙauyuka suna ta shigowa, ɗakuna kuwa ba su ƙaru ba. Ɗakin da a da ake ɗaure tumaki an shafe shi da siminti an sa haya, kuma ana rububinsa. Mai gidan da nake ciki ya ƙara mini haya sau uku a shekara biyu, kuma ba na ganin laifinsa, don in na fita yau kafin azahar wani ya shiga. Na san malamin makaranta da ya ɗage ɗaurin aurensa shekara biyu don ya rasa ɗaki. Waɗanda suka gaji kuma sun tsallaka bayan iyakarku, sun sayi awon igiya a bakin fadama, suna ginawa ba titi ba kwata, inda damina ke cin gida. Abin da kuka tsara don ku hana, shi ne ke tashi a bayan katangarku. Da an bar fegi ɗaya ya ɗauki 'yan uwa biyu ko uku, da ɗakunan da muke riƙe da su yanzu sun koma hannun wasu mabuƙata.

Dillalai sun gano halin da muke ciki, kusan kowane mako sai wani ya biyo ni rumfa. Murtala ya fara cewa a sayar a raba, shi ya tafi Kudu ya nemi abin yi. In aka sayar aka raba huɗu, ba wanda rabonsa zai saya masa ko rabin fegi a garin nan, kuma daga ranar mun rabu ke nan. Akwai masu cewa mutum biyu su shiga, biyu su haƙura. To wane biyu? Mun kai wa Inna maganar ta zaɓa, ta ce ita ba ta haifi na shiga da na waje ba.

Abin da nake roƙo.

Na farko, a yarda mu haɗa fegi biyun su zama gida ɗaya, tunda na magada ɗaya ne kuma suna manne da juna. Ba za mu ci ko taku ɗaya na titi ba, ba za mu toshe kwata ba. Bulon da kuka ce za mu yi, a hankali, ɗaki bayan ɗaki, mu fara da na Inna. Akuyoyi mun haƙura da su. Zauren ma in ya zama dole a ja shi baya, a ja.

Na biyu, a gyara sharaɗin iyali ɗaya, a rubuta a fili cewa uwa da ɗiyanta da jikokinta iyali ɗaya ne. In kuna tsoron wani ya fake da haka ya gina gidan haya, ga mai unguwa, ga liman, su ne suka san ɗan wane kowa. A tambaye su.

Na uku, ba don ni ba, a ware wani ɓangare a yarda da rabin fegi, yadda tela da malamin makaranta da mai gyaran inji za su iya saye su gina. Kada a bar mutum sai ya yi wa hukuma ƙarya sannan ya sami inda zai kwantar da haƙarƙarinsa.

Na huɗu, in duk wanga ba zai yiwu ba, a kira ni a faɗa mini da baki, in san na ji daga gare ka. Jiran ya fi ƙin ciwo.

Ranka shi daɗe, da ina da lokaci da na ci gaba da zama a bencinku ban dame ka a bainar jama'a ba. Amma makon jiya, ranar da wata biyun Inna suka cika a wurina, Murtala ya zo da babur ya tsaya a ƙofa, ta ƙi fitowa. Ta sa aka kira ni daga rumfa. Ta ce jikinta ya gama hawa babur, ba ta ƙara wata tafiya sai guda ɗaya. Ta ce tunda ni ne babba, in zaɓa mata ɗaki ɗaya cikin huɗun nan, a kai ta can, ta zauna har Allah ya karɓi abinsa, sauran ɗiyanta kuma su yafe mata. Ba ta yi kuka ba, ni ne na fita waje. Duk ɗakin da na zaɓa, mutum uku za su ji labarin uwarsu a waya. Na roƙe ta ta ba ni zuwa kaka, na ce mata na rubuta wa shugaba takarda. Ta ce to, Allah shi sa yana da uwa.

Ina roƙon Allah shi ƙara maka lafiya da nisan kwana, shi tsare ka daga zaluntar kowa ko da bisa kuskure. In mahaifiyarka na raye, Allah shi bar maka ita a inda za ka gaishe ta kowace safiya. In ta riga mu gidan gaskiya, Allah shi haskaka makwancinta. Allah shi zaunar da ƙasarmu lafiya, shi mai da kowa gidansa.

Gero ya fara fitar da kai, Ranka shi daɗe. Ina jiran amsarka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Lawali Garba,
mai gyaran injin ban ruwa, Talata Mafara.